Yadda Ake Goge Fentin Mota Ya Yi Sheƙi

A hutun da ya wuce mahaifina ya ce ba zan zauna gida ina barci ba, ya kai ni garejin kawuna inda ake yi wa motoci fenti. Abin da na koyo can shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

In an fesa wa mota fenti ba ya fitowa sumul. Akan ga fuskarsa kamar ɓawon lemo, ga kuma ƙura da ke maƙalewa, musamman da hunturu. Maganin wannan shi ne gogewa da samfefa da ruwa, amma sai fentin ya bushe sarai.

Kowace samfefa tana da lamba a bayanta, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon laushinta. Mu mukan fara da 1500, sa'an nan 2000, mu ƙare da 3000, don kowace ta shafe zanen da ta gabanta ta bari. Akan jiƙa ta kamar minti 15 cikin bokitin ruwa da ɗan sabulu. Ruwan ne ke kwashe garin fentin, kada ya taru ya ƙarce motar. Akan naɗa ta jikin guntuwar roba mai faɗi, domin yatsu ba sa dannawa daidai. Sai a yi ta gogawa a miƙe, a hankali, ana sharewa ana dubawa. In wurin ya dushe bai ɗaya, babu sauran ɗigon ƙyalli, to, a tsaya.

Daga nan sai man gogewa da inji mai juya soso. A fara da mai kaushi, a bi da mai laushi, har mutum ya ga fuskarsa kamar a madubi. Kada a tsai da injin wuri ɗaya, zafi zai ƙona fentin.

Akwai wani fenti garau da ake fesawa bisa mai launi, wanda ake kira kiliya. Kaurinsa bai kai na takardar littafi ba, kuma shi kaɗai ake gogewa, shi ya sa ruwan ke fita fari kamar madara. Ran nan aka ba ni ƙofar wata jar mota. Don in burge kawu na yi ta dannawa a gefenta, inda fenti ya fi siranta. Can sai na ga ruwa ya koma ja. Gabana ya faɗi! Kawu ya duba, ya ce, "Ɗana, abin da samfefa ta ci ba ta mayarwa." Da kuɗinsa ya sake fesa ƙofar, mai mota kuwa ya ƙara jiran kwana biyu.

Tun daga ranar nake dubawa kafin in ƙara gogawa. To, 'yan'uwa, kada mu raina sana'ar hannu. Ita ma tana bukatar ilmi da haƙuri kamar karatunmu, gama sauri kan haifi nawa.