Darasin Tattalin Arziki: Manhajar Kyauta da Kuɗin da Ke Bayanta

Galibin manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ke riƙe da shafukan intanet suna aiki ne da Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Ita da irin su Apache, wadda ta fito a 1995, kowa na iya ɗauka ya gyara ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Ga banki ko kamfanin sadarwa a Nijeriya wannan babban sauƙi ne, domin lasisin waje da dala ake biyansa, kuma tun da aka saki naira a 2023 nauyinsa ya ƙaru ainun.

Sai dai kuɗin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ya koma albashin ƙwararren da zai girka na'urar, ya toshe kafofin ɓarayi, ya tashe ta in ta tsaya da tsakar dare. Irin wannan hidima kamfanin Red Hat ke sayarwa, har IBM ya saye shi kan dala biliyan 34 a 2019. Akantan da ya soke kuɗin lasisi daga kasafi, bai ware na horar da ma'aikata ba, lissafinsa bai cika ba.