Darasin Lafiya: Laulayin Ciki da Amfanin Citta

Darasinmu na wannan wata a kan laulayi ne, wato tashin zuciya da amai da ke damun mace a farkon ciki. Yakan soma wajen mako na 6, yawanci kuma ya lafa kafin wata na huɗu ya ƙare. Ba ragwanci ba ne, ba kuma sammu ba ne. Jiki ne ke canjawa domin ya riƙe cikin.

Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun daɗe suna ba mai laulayi shawara ta ci abinci mai ɗumi da taushi, kamar kunun shinkafa, ta guji maiƙo da abin sanyi, ta kuma sha ruwan ɗanyar citta. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa citta cikin abubuwan da ta amince da su don rage tashin zuciya a farkon ciki. To, mu ba sai mun je Sin ba. Citta tana nan a Babbar Kasuwar Sakkwato, ana nomanta da yawa a kudancin Kaduna, wajen Kachia, kuma tun da daɗewa iyayenmu mata suna saka ta a koko.

A yanka ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, a tafasa a kofi biyu na ruwa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har yamma. In garin citta ne, kada ya wuce rabin ƙaramin cokali a rana, domin in ya yi yawa yakan kawo ƙwannafi. Kada ciki ya zauna wayam: ta ɗan ci busasshen burodi kafin ta tashi daga shimfiɗa, sa'an nan ta ci kaɗan sau biyar ko shida maimakon tuwo mai yawa sau ɗaya. Idan ƙwayar ƙarin jini ta awo tana tayar mata da zuciya, kada ta daina sha. Ta gaya wa ungozoma, sau da yawa shanta da dare yakan fi sauƙi.

Amma citta tana da iyaka. A Sakkwato zafin bazara yakan wuce digiri 40, mai amai kuwa ruwan jikinta yana ƙarewa da sauri. In ta yini ko ruwa ba ya tsaya mata, ko fitsarinta ya ragu ya yi duhu, ko jiri yana ɗibarta, ko ta ga jini, a kai ta asibiti a ranar, ko da zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne. Kada a tsaya neman jiƙo.

Maigida, ƙanshin suyar albasa kaɗai yana iya sa ta amai, sai a nemi wadda za ta kama mata girki. Mu tuna Maryamu ta yi kusan wata uku na farkon cikinta a gidan Alisabatu (Luka 1:39-56). Zumuntar Mata ta kowace ikilisiya ta tattauna ranar Lahadi: wace ce a cikinmu take laulayi yanzu, wa kuma zai ɗebo mata ruwa a wannan mako?