Yadda Ake Ceton Dokin Da Ya Rame

Garin Uba yana kan hanyar da ta tashi daga Mubi zuwa Maiduguri, a daidai iyakar Jihar Adamawa da Jihar Barno. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da Uba, jama'a suka watse, kowa ya yi ta kansa. Mai gudun tsira da rai kuwa ba ya tsayawa kwance turke. A 2015 kuma sojoji suka hana hawan doki a Jihar Barno, domin maharan sun koma amfani da shi. Dokin da ba a hawa, ga tsadar harawa, shi ake fara mantawa da shi a barga.

Ko babu tashin hankali ana samun haka. Wani yakan kiwata dokinsa sabili da hawan Salla kawai, da an sauke sirdi sai ya bar shi ga yara. Wannan sakaci laifi ne, gama dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta hana zaluntar dabba.

To, idan an sami dokin da haƙarƙarinsa suka fito, abin da masu tausayi suka fi yi shi ne su cika masa akushi da gero ko dawa. Wannan kuskure ne babba, yana kuma kashe doki. Dalili kuwa, jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya cinye kitsensa da namansa. In hatsi ya shiga farat ɗaya, sai gishirin da ke cikin jini, musamman wanda ake kira fosfet, ya ruga cikin tsoka, zuciya da huhu su rasa nasu. Cikin 'yan kwanaki sai a ga dokin da ya soma murmurewa ya faɗi, mai shi ya ce sammu ne.

Abin da ya kamata shi ne a fara da ruwa mai tsabta, kaɗan-kaɗan, sa'an nan harawar wake ko ta gyaɗa wadda ba ta yi fumfuna ba, kimanin rabin kilo bayan kowace awa 4, har kwana 3. Daga nan a riƙa ƙara yawanta sannu a hankali har kwana 10. Hatsi da dusa sai bayan haka, su ma da awo. Lafiyayyen doki yakan sha lita 30 ko fiye a yini lokacin bazara, saboda haka kada a bar kwatarniyarsa ta bushe.

Kada a yi gaggawar ɗura masa maganin tsutsar ciki tun ba shi da ƙarfi. Lalle ne a kira malamin dabbobi ya duba haƙoransa da kofatonsa, ya cire kaska, ya wanke mikin da sirdi ya yi masa a gadon baya. In akwai zazzaɓi da kumburin kai da kumfa a hanci, ana zaton cutar dawakin nan ce da ƙananan ƙwari ke yaɗawa da magariba. Sai a ware shi, a aika da jininsa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, kusa da Jos.

Ramammen doki yakan ɗauki wata 3 zuwa 5 kafin ya mayar da jikinsa. Kafin nan kada a ɗaura masa sirdi. Wanda ya ga ba zai iya ciyarwa ba, sai ya shaida wa mai unguwa ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a nemi wanda zai karɓa.