Kwaɗo da ƙadangare a akwati ɗaya

Da damana, in mutum ya je bakin tabkin Madarunfa, zai ga kwaɗi cikin laka, ƙadangaru bisa itatuwa, wani lokaci har da hawainiya cikin ganye. Shi ya sa yara kan yi tsammani ana iya kamo su duka a zuba cikin akwati ɗaya a ajiye a aji. In an yi haka, wani daga cikinsu yana iya mutuwa.

A bakin tabki wuri yana da faɗi, kowa ya zaɓi inda ya dace da shi. A akwati kuwa babu zaɓi, babu wurin gudu.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatarsa ruwa yake shiga jikinsa, kuma da fatar yake yin wani sashe na numfashinsa. Saboda haka dole ta zauna da laima kullum. In rana ta buge shi, sai ya bushe ya mutu. Ƙadangare kuwa rana ce abincin jikinsa. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa kamar na akuya ko na kaza. Sai ya hau katanga da hantsi ya sha rana, sa'an nan ya iya gudu, ya kama ƙwari, abincin ya narke a cikinsa. In an jiƙa akwati don kwaɗo, ƙadangare ya yi sanyi ya daina ci. In an kai shi rana don ƙadangare, kwaɗo ya halaka.

Ga kuma maganar ciki. Burduddugi, wato babban kwaɗon ruwa, yakan haɗiye duk abin da ya motsa in ya shiga bakinsa, har ƙananan kwaɗi ƴan uwansa. Damo yana cin kwaɗi da ƙwai. Kwaɗon tudu mai ƙuraje shi ma ba kanwar lasa ba ne: bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fid da farin dafi, dafin kuwa yana iya ɓata ruwan kaskon da sauran suke sha.

Kunkuru yawanci ciyawa yake ci. Amma kunkurun Sahel yakan wuce kilo 50 in ya girma, yana kuma haƙa rami mai zurfi. Sai ya take ƙanana bai ma sani ba. Ita hawainiya ba ta son zama da kowa, ko da ƴar uwarta. In an matsa mata, sai ta yi baƙi, ta ƙi cin abinci.

Ajin da ke son nazarin waɗannan dabbobi ya ba kowane iri nasa akwati. Ko jan gwada biyu ba a haɗa su, don faɗa za su yi. A dube su kwana biyu ko uku, a zana su, a mai da su inda aka kamo su. Wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu, gama suna ɗauke da ƙwayoyin cutar zawo.

Tambayoyi

1. Ta ina ruwa yake shiga jikin kwaɗo?
2. Don me ƙadangare yake hawa katanga da hantsi?
3. Waɗanne dabbobi masu jan ciki ake samu kusa da garinku? A ina kowanne yake kwana?