Kututture Bai Mutu Ba: Darasi a Kan Itatuwan Gona

Karatu: Ayuba 14:7-9.

'Yan'uwa, ga bazara ta ƙarato. Ba da daɗewa ba kowa zai wasa gatarinsa da addarsa, ya nufi gona domin sassabe. Kafin mu ɗora ƙarfe a kan icce, bari mu zauna mu yi nazari kaɗan. Yawancinmu mun taso muna jin cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta ke fes, babu ko ɗan tsiro. Wanda ya bar sabara ko kalgo a gona, sai a ce rago ne. Amma ga shi gonakin da mu ka share sun gaji, amfani yana raguwa, takin zamani kuwa ya yi tsada. Cikin karatunmu Ayuba ya lura da abin da mu ke takawa kullum ba mu kula ba, wato iccen da a ka sare ya kan sāke toho muddin saiwarsa tana ƙasa. A kan wannan za mu yi darasinmu.

1. Abin da ya faru a Maraɗi

Bayan babban farin nan na 1973, ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta zama fili fetal. An sare itatuwa domin noma da girki. Iska ta sami hanya, tana kwashe ƙasa yadda ta ga dama. A 1981 wani masanin aikin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo aiki tare da Mishan ta SIM. Ya yi ta renon itatuwa yana rarraba wa ƙauyuka, amma yawancinsu su ka mutu. Rana ta ƙone waɗansu, awaki su ka cinye waɗansu.

Wata rana a 1983 ya tsaya a bakin hanya domin ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi. Sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen da kyau, ashe tohon babban icce ne da a ka sare tuntuni. Saiwar tana nan da ranta, ta yi zurfi har inda laima ta ke. Irin waɗannan kututturai kuwa suna nan birjik cikin gonaki, kowace shekara suna toho, kowace shekara ana sare su a ƙone. Ashe ba dashe a ke bukata ba, reno ne.

Da yunwar 1984 ta zo, a ka riƙa ba mutane abinci bisa sharaɗin su bar tohon nan a gonakinsu. Da abincin ya ƙare, da yawa su ka koma su ka sare nasu. Amma waɗanda su ka bari sun ga bambanci, maƙwabtansu kuma su ka gani da idonsu. Haka abin ya bazu daga gona zuwa gona. Mutanen wurin su ka sa masa suna sassabin zamani. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike su ka duba hotunan da a ka ɗauka daga sama, su ka ƙiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar sun sāke samun itatuwa, kimanin itatuwa miliyan 200. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Talakawa ne su ka yi wannan aiki da addarsu.

2. Aikin da icce ya ke yi wa gona

Na fari, yana tare iska. Kowa ya san guguwar da ta kan riga ruwan fari. Ita ce ta kan binne shuka da yashi, ko ta yanke ta tun tana 'yar ƙarama, har mutum ya sāke shuka sau biyu ko sau uku. Inda itatuwa su ke, ƙarfinta ya kan karye.

Na biyu, yana ciyad da ƙasa. Saiwarsa tana jawo abinci daga can ƙasa inda saiwar gero ba ta kai. Abincin nan ya kan hau cikin ganye, ganye ya kaɗe, gara ta ja shi cikin ƙasa, ya ruɓe ya zama taki. Dabbobi kuma su kan kwanta a inuwa da rani, su bar kashinsu a wurin. Har ƙurar da iska ta kwaso daga gonar wani, a gindin icce ta kan sauke ta.

Na uku, yana riƙe ruwa. A ƙasar da ta yi tauri, ruwan sama ya kan gudu ya yi zaizaya, ya tafi da albarkar gona. Amma inda akwai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da ramukan gara, ruwa ya kan nutse. Inuwa kuma tana rage zafin ƙasa, laima ta daɗe. Saboda haka in ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, shukar da ke kusa da icce ta fi jurewa.

Na huɗu, yana tsare daji da takin gona. Macen da ta sami itacen girki daga sassaben gonar gidansu ba za ta yi tafiyar wuni zuwa daji ba. Ba za ta ƙone kara da kashin shanu ba, su kuwa sai su koma gona.

3. Gawo da 'yan'uwansa

Cikin itatuwan gona babu kamar gawo. Halinsa dabam ne. Da damina, sa'ad da sauran itatuwa su ke cika da ganye, shi sai ya kaɗe nasa, hasken rana ya sauka a kan shuka. Da rani kuma, sa'ad da ciyawa ta ƙare, sai ya yi kore, ya ba dabbobi ganye da 'ya'ya. Yana kuma daga cikin itatuwan da saiwarsu ke kama sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da mu ke saye da kuɗi cikin buhun taki. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na fili tsawo da kauri. Kakanninmu sun san wannan. Sarakunan Damagaram na dā sun hana sare gawo, sun sa horo mai tsanani a kan wanda ya yi.

Amma kada mu ɓoye gaskiya. Ba kowane icce ne kamar gawo ba. Ɗorawa da kaɗanya suna da inuwa mai duhu, hatsin ƙarƙashinsu ya kan ragu. Su kan biya bashin ta wata hanya, da kalwa da man kaɗe, kamar yadda kuka ta ke biya da miya. Aikin mai gona ne ya san inda zai bar kowanne, ya kuma rage rassan wanda ya yi yawa.

4. Yadda za mu yi bana

Mu zaga gona tun kafin sassabe, mu zaɓi kututturan da za mu rena. A kowane kututture mu bar toho 3 zuwa 5 waɗanda su ka fi ƙarfi da miƙewa, mu sare sauran. Mu rage ƙananan rassa daga ƙasa har zuwa rabin tsawon tohon. Adda ta zama mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama, domin kada ɓawon ya tsage. Mu koma mu gyara bayan 'yan watanni, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kada mu sa wuta kusa da shi.

Abu mafi wuya shi ne tsaro. Mutum ɗaya ba ya iya tsare itatuwansa in ƙauye bai yarda ba. Wani zai sare da dare, wani zai yi masa dariya da rana. Domin haka ya kamata a zauna da mai gari, da maƙwabta, da makiyaya, a yi shawara ɗaya a kan wanda ke da ikon sara da lokacin sara. Gonar ekklesiya wuri ne mai kyau na farawa, gama kowa yana wucewa yana gani.

'Yan'uwa, gonar da mu ka gāda za mu bar wa 'ya'yanmu. Tun da ba ta ƙaruwa, su kuwa suna ƙaruwa, bari mu bar musu ita da rai.

Tambayoyi

1. Me ya sa dashen itatuwa ya kāsa a Maraɗi, renon toho kuwa ya yi nasara?
2. Ta wace hanya gawo ya bambanta da ɗorawa?
3. Kututture nawa ne ke toho a gonarka? Ka ƙirga su cikin makon nan, ka kawo amsa ran Lahadi.