Hawan Jini, Ciwon da Ba Ya Sallama

Duk wanda ya saba zama da manoman rani na Bakolori, ko yake ratsa kasuwar Talata Mafara ranar da take ci, ba zai rasa jin labarin wani magidanci ba, wanda aka rabu da shi lafiya lau bayan sallar isha'i, amma da asuba aka tarar ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, har jama'a suka shiga cewa iska ce ta buge shi ko kuwa jifa aka yi masa. Alhali galibin irin wannan musiba asalinta hawan jini ne, wanda ya shekara da shekaru yana ɓarna a jijiyoyi ba tare da mai shi ya ji ko ciwon kai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa cikin kowane baligai 3 a duniya akwai 1 mai wannan ciwo, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Saboda haka idan an cika sahu a masallacin Juma'a na Bakura ko Maradun, to, lalle masu shi a ciki ba kaɗan ba ne, kuma mafi yawansu suna ganin ƙalau suke.

Daga cikin sabubbansa akwai waɗanda ba su hannun ɗan Adam, wato gado da yawan shekaru. Akwai kuma waɗanda ke hannunsa, kamar ƙiba, da taba, da zaman rashin motsa jiki, da shan haɗin maganin gajiya wanda ake saye a kemis bayan an taso daga gona, domin wasu ƙwayoyin ciwon jiki suna ɗaga jini, suna kuma lahanta ƙoda. Dalmar da ke tattare da dakan dutsen zinariya, wadda ta hallaka yara a Anka da Bukkuyum a 2010, ita ma tana haddasa shi ga manya. Fargaba da rashin barci, waɗanda mutanen ƙasar nan suka ɗanɗana a shekarun nan, suna ƙara wa ciwon ƙarfi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne gishiri. Ƙa'idar masana ita ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Mu kuwa a tukunya guda mukan haɗa gishiri da ɗunƙulen magi da kanwa, sa'an nan a barbaɗa yaji a kai, ba mu lura da cewa sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki yana cikin dukkansu ba. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya tun a shekarun 1970 suka lura da yawaitar ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Haƙƙi ne a kan iyayenmu mata, waɗanda ba su nufin kome sai alheri, su sassauta kanwar nan, a kuma gwada jinin mai ciki da mai jego.

Abin yi a fili yake. Kowane baligi ya je a gwada shi a asibiti ko ɗakin shan magani, ko da sau ɗaya a shekara, yana zaune ya huta. Idan aka sami 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu dabam-dabam, ciwon ya tabbata. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya daina don ya ji sauƙi, gama sauƙin daga maganin yake, kuma malamai ba su ɗauki neman magani a matsayin saɓa wa tawakkali ba. In Ramalana ya gabato, ya shawarci likita a kan lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya turare da tofi kaɗai: a nemi mota nan take zuwa babban asibitin Talata Mafara, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.