Na Tsaya wa Aminina, Yau Ni Ake Bi

Malam, aminina ne tun muna makarantar allo. Ya ce kwantenarsa ta yadi ta iso Apapa, za ta wuce Maraɗi ta Jibiya, kamfanin inshora na neman wanda zai tsaya masa kafin a ba kwastan bon. Ejen ɗinsa ya kawo takardun har shagona, na sa hannu ko shayin gabana ban shanye ba. Yanzu an ce kayan ba su tsallake iyaka ba, a hanya aka sauke su, kamfanin ya aiko mini takarda wai in biya. Ko ƙyalle ɗaya ban gani ba. Shi kuwa wayata ma ba ya ɗauka, mutumin da na raɗa wa ɗana sunansa! Malam, haka ake yi wa amini?

Ɗan kasuwa, Kano

Na tausaya maka ƙwarai, ɗan'uwa. Amma ka cika wasiƙarka da zancen amana, ba ka ce mini ka karanta abin da ka sa wa hannu ba. Wannan kunyar tambaya ita ke cinye jarin 'yan kasuwarmu, kuma ba zan gaji da faɗa ba.

Kayan da za su wuce Nijar ba a karɓar harajinsu a Najeriya, bisa sharaɗin su fita. Bon shi ne lamunin wannan sharaɗi. In ba su fita ba, kwastan su bi kamfanin, kamfanin ya juyo kanka, babu mai tambayar wa ya ci riba. Ko a fiƙihu, mai lamuni ana bin sa bashin.

Bar zancen waya tukuna. Ina iyakar ikon da aka ba ejen nan? Je ka karɓo kwafin takardar da ka sa wa hannu, ka duba lambar kwantena, adadin kuɗi da wa'adi. In ya ɗora sa hannunka a kan wata kwantena, ko ya ƙara kuɗi bayan ya bar shagonka, kana da hujjar kare kanka, kuma lasisinsa daga kwastan yake, ana kai ƙorafinsa can. In kuwa ka sa hannu gurabe suna fayau shi ya cike, to ka ba shi wuƙa da nama, shari'arka za ta yi wuya. Duk abin da ka biya, kana da haƙƙin bin amininka a kotu.

Kada ka tura takardar kamfanin ƙarƙashin katifa. Ka kai wa lauya, ya amsa musu a rubuce cikin makon nan.